Jurassic Park: fim ɗin ya riƙe kansa, dainoson ciki ne suka tsufa

Duk sanda aka saki sabon fim ɗin dainoso sai ka ji mutane sun koma magana ɗaya, wai na farkon nan dai har gobe babu kamarsa. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma akwai gaskiya a ciki, don da yawa cikin masu yabon Jurassic Park yarintarsu suke kewa, zamanin kaset da bidiyo da cika falon maƙwabta ana fatan kar a ɗauke wuta kafin a gama. To amma ni ban yarda kewa ce kaɗai ba. Finafinan wancan lokacin da yawa in ka sake kunna su yanzu da ƙyar za ka kai rabi, shi kuwa wannan da ya fito ranar 11 ga Yunin 1993, yaron da bai san kaset ba ma in ya zauna gabansa sai ka ga ya ƙanƙame hannun kujera. In ka zauna ka duba da kyau abu biyu ne suka raba hanya. Aikin fim ɗin ya riƙe kansa, dabbobin cikinsa kuma ilimi ya wuce ya bar su a baya, sannan mu masoyansa mu ne muka tsaya kai da fata kar a taɓa su.

Steven Spielberg ne ya ba da umarni, labarin kuma daga littafin Michael Crichton na 1990 aka ɗauko, labarin wani attajiri da ya dawo da dainoso duniya ya killace su a tsibiri, ya gayyato baƙi su gani, tsaro ya lalace dabbobin suka fito. An kashe kamar dala miliyan 63, ya dawo da sama da miliyan 900 a fitowar farko, ya zama fim ɗin da ya fi kowanne kawo kuɗi a duniya har sai da Titanic ya zo ya ture shi, da aka sake haska shi a 2013 kuma ya tsallake biliyan ɗaya. Kyautar Oska uku ya samu, ɗaya ta dabarun hoto, biyu na sauti, kuma a nan ɗin ma ƙarfinsa yake.

Abun da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, fim ɗin ya kai minti 127 amma duka-duka lokacin da ake ganin dainoso a cikinsa bai wuce kamar minti 15 ba, a cikin wannan ma kamar minti 6 ne kawai aikin kwamfuta. Sauran duk abu ne da aka ƙera da hannu, ana iya taɓa shi. Stan Winston da yaransa sun ƙera T. rex mai girman gaske, tsawonsa wajen ƙafa 40, ƙarfe da roba da injin da ke motsa shi, suka ƙera Triceratops ɗin nan mara lafiya da ke kwance a ciyawa wadda ɗan wasa Sam Neill ya kwanta a kan cikinta yana ɗagawa yana sauka da numfashinta, sannan a wasu wuraren Velociraptor ɗin mutum ne a cikin riga. Da farko ma ba kwamfuta aka shirya amfani da ita ba wajen nuna cikakken jikinsu suna gudu, Phil Tippett aka ɗauka, gwanin 'yan tsana waɗanda ake matsawa kaɗan a ɗau hoto, a sake matsawa a sake ɗauka. Sai wasu matasa a kamfanin dabarun hoto na ILM, Steve Williams da Mark Dippé, suka haɗa ƙwarangwal ɗin T. rex yana tafiya a kwamfuta, manya suka gani, shi kenan lissafi ya canza. Tippett da ya ga gwajin ya ce shi kam sana'arsa ta bi sahun dainoso ta ƙare, Spielberg ya ji daɗin maganar har ya sa ta a bakin 'yan wasa. Amma ba a sallame shi ba, kuma wannan shi ne wayon. An ƙera wa mutanensa wani ɗan ƙwarangwal na ƙarfe mai na'urori a gaɓoɓi, su motsa shi da hannu yadda suka saba, kwamfuta ta kwashi motsin. Wato mutanen da suka shekara da shekaru suna nazarin yadda dabba ke ɗaga ƙafa da yadda nauyi ke sauka a ƙugu su ne suka koya wa sabuwar fasahar tafiya. Shi ya sa har yau in T. rex ya taka ƙasa kana jin nauyinsa a jikinka.

A dubi wurin da ya fasa katanga. Sai da aka yi kusan awa guda ana ja mana rai, an nuna akuya a ɗaure bai fito ba, motoci sun wuce ba a ga komai ba, har mai kallo ya fara jin haushi tare da baƙin. Sai dare ya yi, wuta ta ɗauke, ruwa na zuba, motoci biyu sun tsaya cak. Abu na farko da aka nuna maka kofin ruwa ne a gaban mota yana rawa, da'ira na buɗewa daga tsakiya, dum, shiru, dum. Michael Lantieri mai haɗa dabarun fim ɗin ya sha wahala kafin ya gano yadda zai sa ruwan ya yi wannan rawar, ƙarshe tsirkiyar jita aka ɗaura ta ƙarƙashi wani ya kwanta yana kaɗa ta. Daga nan sai ƙafar akuya ta faɗo kan gilashin saman mota, sai farce a kan wayar katangar da babu wuta, sai wayoyin suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Kuma duk tsawon wurin nan babu kiɗa ko kaɗan, alhali John Williams ne mai kiɗan fim ɗin, ruwa kawai kake ji da numfashin yara da ƙarar ƙarfe. Da yarinyar da ke cikin motar ta haska tocila a idonsa ƙwayar idon ta tsuke, wannan na Winston ne. Da ya fito tsakanin motoci biyu ya buɗe baki, wannan na kwamfuta ne. Ana ta musanya su kusa da nesa, ido bai samu sararin gane inda ɗaya ya tsaya ɗaya ya karɓa ba, duhu da ruwan sama kuma suka rufa wa kwamfutar 1993 asiri. Ruwan nan ma bai bar su sun huta ba, fatar robar tana shan ruwa ta yi nauyi injin ya kama karkarwa, sai a tsaya ma'aikata su bi shi da tawul suna gogewa kafin a ci gaba.

Spielberg ya riga ya sha wannan darasin tun 1975 a fim ɗinsa na kifin shak, inda injin ya yi ta lalacewa dole ya riƙa ɓoye kifin, sai ɓoyewar ta fi nunawa ban tsoro. A nan ma haka ne, kowane sakan na zanen kwamfuta tsada ne da ɗaukar lokaci, dole a yi tsimi. Abun kamar yaji ne a miya, ɗan kaɗan ya tayar da ita, in aka juye gwangwani guda ba mai iya sha. Masu yin finafinan da suka biyo baya sun ɗauki darasin a juye, sun ga kwamfuta na iya zana komai sai suka ce to a zana komai, a kowane minti, da rana tsaka, kyamara na shawagi ta inda babu ɗan adam da zai iya tsayawa. Shi kuwa Dean Cundey mai ɗaukar hoton na farko yawanci daga ƙasa yake ɗauka, daga cikin mota, daga bayan gilas, daga inda ɗan adam mai tsoro zai kasance, har girman allon ma an zaɓi mai ɗan tsayi ne don dabbar ta cika shi ta yi maka rumfa.

Sauti ma haka. Gary Rydstrom bai da kukan dainoso da zai je ya naɗo, sai ya bi dabbobin da ke raye, kukan T. rex ɗin nan da kowa ya haddace haɗin ɗan giwa ne da damisa da kada, a muryar Velociraptor kuma akwai kunkuru da agwagwar ruwa. Da wannan fim ɗin aka fara amfani da tsarin sauti na DTS a sinima. Mu da muka gan shi a ƙaramar talabijin mai lasifika ɗaya rabin abun kawai muka samu, kuma duk da haka ya shige mu.

Ba wai babu inda ya nuna shekarunsa ba fa. Brachiosaurus ɗin farko, wanda ya miƙe da ƙafa biyu ya ciro ganye da rana tsaka, in ka kalle shi a babban allo na yanzu za ka ga fatar ta yi sumul da yawa, hasken jikinsa bai gama zama ɗaya da na bishiyoyin ba. Abun da ya ceci wurin fuskokin Sam Neill da Laura Dern ne, yadda ya cire tabarau hannu na rawa, ya kamo kanta ya juya, ƙafafunsa suka kasa ɗaukarsa, da kiɗan Williams da ya shigo a hankali. Garken Gallimimus masu gudu a fili su ma an ɗan gane su. Kwamfutocin ofis kuwa sai dai murmushi, yarinya tana murna don ta ga faifan CD a mota, kodayake wancan shirin da ta yi amfani da shi ta kulle ƙofofi, wanda mutane suka daɗe suna cewa ƙarya ce irin ta fim, shiri ne na gaske na kamfanin Silicon Graphics. Akwai kuma kurakuran da kallo na biyu ke tonawa, inda T. rex ya tako ya fito a ƙasa ɗaya da titi nan take ya koma rami mai zurfi da aka tura mota ciki, sannan dabbar da takunta ke girgiza kofi ita ce a ƙarshe ta shigo cikin gini ba wanda ya ji motsinta. San José babban birnin Kosta Rika an nuna shi a bakin teku da bukkoki, alhali a tsakiyar ƙasa yake cikin duwatsu, kuma wannan irin sakacin da ƙasar wasu ya fi damuna a kan maganar rami. Ma'aikacin da aka fara kashewa a minti na farko, baƙar fata, ba a sake tuna shi ba sai a matsayin ƙarar dala miliyan 20 da danginsa suka shigar.

Labarin kansa kuma ni a ganina yanzu ya fi cizo a kan 1993. Muna yara dodanni muke kallo, da girma ya zo sai ka gane ba dainoso ne suka rusa wurin ba. John Hammond, attajirin da Richard Attenborough ya fito a matsayinsa, bakinsa kullum bai tsaya tsimin kuɗi a komai ba, amma duk tsarin tsibirin, katanga da ƙofofi da waya da motoci, ya ɗora shi a wuyan mutum ɗaya, Dennis Nedry, wanda kullum cikin ƙorafin kuɗin aikinsa yake ba a saurare shi ba. Wani kamfani ya yi masa tayin dala miliyan ɗaya da rabi ya sato 'ya'yan dainoso da ke cikin kwalba, ya kashe tsaro na 'yan mintuna, guguwa ta zo, shi kenan. An rage ma'aikata an miƙa komai ga na'ura saboda riba, an gayyato masana don su sa hannu masu zuba jari su kwantar da hankali, ba don a ji shawararsu ba. Zaman cin abincin nan da Ian Malcolm, ɗaya daga cikin masanan, ya ce musu sun shagala da ko za su iya har sun manta su tambayi kansu ko ya dace, yau in ka cire dainoso ka sa ƙirƙirarriyar basira ko gyaran ƙwayoyin halitta maganar ta zauna daram. Shekara uku bayan fim ɗin aka haifi tunkiya Dolly a Sikotilan. A Afrilun 2025 kamfanin Colossal na Amurka ya yi shelar ya dawo da wani kyarkeci da ya ƙare tun dubban shekaru, masana da yawa suka ce a'a, kyarkecin yau ne aka yi wa gyara guda 20 a ƙwayoyin gadonsa. Mai kallo Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, shiga hurumin da ba naka ba sunansa kenan. Inda nake ganin Spielberg ya yi sassauci da yawa shi ne Hammond ɗin, a littafi mutum ne mai haɗama kuma dabbobinsa ne suka cinye shi, a fim aka mai da shi kaka mai fara'a ya hau jirgi ya tafi abinsa, mutanen da suka mutu saboda gangancinsa ba wanda ya tuhume shi.

Sai maganar ilimi, inda tsufan gaske yake. Tushen labarin shi ne sauro ya sha jinin dainoso, ƙaron bishiya ya rufe shi ya daskare, bayan miliyoyin shekaru a zuƙo jinin a ciro DNA, wato ƙwayoyin gado, a cike giɓin da na kwaɗo, har ma wai kwaɗin Afirka ta Yamma masu iya canza jinsi, wanda shi ya sa dabbobin da aka yi su duka mata suka fara ƙwai. A 1993 abun bai yi kama da tatsuniya ba sosai. A 2012 masu bincike suka auna ƙasusuwan tsuntsun moa na ƙasar Niyu Zilan suka ga DNA rabinsa ke lalacewa a duk shekara 521, ko a sanyi mafi dacewa ba zai wuce shekara miliyan 6.8 ba ya ruguje gaba ɗaya. Mafi tsufan da aka taɓa karantawa, wanda aka sanar a 2022 daga ƙasar Girinlan, shekararsa kamar miliyan 2 ne. Dainoso kuwa a lissafin masana sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce. Wannan ƙofar a rufe take. Ƙaron dai ya ba da wata kyautar daban, a 2016 aka bayyana guntun wutsiyar ɗan ƙaramin dainoso a cikin ƙaro daga ƙasar Bama, shekara miliyan 99, kuma wutsiyar lulluɓe take da gashin tsuntsu.

Gashin nan shi ne babbar rigimar. Velociraptor na gaske, wanda aka haƙo a Mongoliya aka raɗa wa suna a 1924, girmansa bai wuce na talotalo ba in ka cire doguwar wutsiya, nauyinsa wajen kilo 15. Na fim ɗin an gina shi ne a kan ɗan uwansa Deinonychus na Amurka aka ƙara masa tsayi. Wannan da sauƙi. A 1996 aka samu Sinosauropteryx a lardin Liaoning na ƙasar Sin da alamar gashi a jikinsa, daga nan aka yi ta tono irinsu, a 2007 kuma aka ga 'yan ƙulle-ƙulle a ƙashin hannun Velociraptor ɗin kansa, irin waɗanda gashin fiffike ke kamawa a jikin tsuntsayen yau. Hannayensa ma ba sa lanƙwashewa ƙasa yadda aka nuna, tafukan suna fuskantar juna ne, to ka ga murɗa hannun ƙofar kicin ɗin nan da ya hana mu barci zai yi masa wuya. Dilophosaurus mai tofa dafi da buɗe lema a wuya, babu shaidar dafi babu ta lema, kuma na gasken ya kai mita 6 zuwa 7, ba ɗan ƙaramin da ya shiga motar Nedry ba. Maganar cewa in ka tsaya cak T. rex ba zai gan ka ba, binciken Kent Stevens na 2006 ya nuna idonsa na da kaifi sosai, wasu binciken kuma sun nuna hancinsa ma haka. Gudun mil 32 a awa da har ya kusa kamo mota, binciken 2002 na John Hutchinson da Mariano Garcia ya nuna naman ƙafar da zai buƙata ya fi ƙarfin jikinsa. A 2023 wasu masanan suka kawo hujjar cewa yana da leɓe da ke rufe haƙoransa. Duk da haka shi ne ya fi kowa tsira, don guntayen fatar da aka samu na nuna ɓawo irin na ƙadangare, siffarsa gaba ɗaya kuma ba ta yi nisa da abun da ake zanawa yau ba. Ko sunan fim ɗin ma, yawancin taurarinsa, T. rex da Velociraptor da Triceratops da Gallimimus, ba a zamanin Jurasik suka rayu ba, a na bayansa ne.

Ni ban riƙe fim ɗin da laifin ko ɗaya daga abun da aka gano bayan fitowarsa ba. Abun da nake so a tuna shi ne a 1993 shi ne a gaba. Kafin shi dainoson da jama'a suka sani a fim wani ƙaton ƙadangare ne mai jan wutsiya a ƙasa, daƙiƙi, mai tafiyar hawainiya. Masana irin su John Ostrom da Robert Bakker tun ƙarshen shekarun 1960 suke cewa ba haka ba ne, dabbobi ne masu kuzari kuma dangin tsuntsaye, amma maganar ba ta fita daga jami'a ta isa kasuwa ba sai da wannan fim ɗin ya ɗauke ta. Ya ɗaga wutsiya sama, ya kwantar da gadon baya, ya sa Alan Grant, masanin da Sam Neill ya fito a matsayinsa, tun a farkon fim yana nuna ƙashin ƙugu yana cewa ku duba, tsuntsu ne, mutane na yi masa dariya. Jack Horner, masanin da aka ɗauka mai ba da shawara, da ya ga an sa wa Velociraptor harshe yana fitowa irin na maciji ya ce a cire, aka cire, a maimakonsa sai ga hucin numfashinsa yana dusashe gilashin ƙofar kicin, alamar jiki mai ɗumi. Fim ne da ya je ya tambayi masu ilimi me kuka sani yau, ya zuba kuɗi ya nuna wa duniya. Kuma yaran da suka kalle shi da yawa su ne suka girma suka shiga fannin, suka tono abubuwan da suka ƙaryata shi.

To ina amanar take? A 2013, ana shirin Jurassic World, darakta Colin Trevorrow ya fito ya ce babu gashi, masoya da yawa suka yi ta tafi. Fim ɗin ya fito a 2015 ya kawo sama da dala biliyan 1.6, da Velociraptor mai fatar ƙadangare da hannu a lanƙwashe kamar ba a gano komai ba cikin shekara 22, aka sa Dokta Wu, masanin da ke haɗa dabbobin a labarin, ya wanke su da cewa ai dama babu dabbar asali a wurin, haɗe-haɗe ne. Dabara ce mai kyau a labari, amma gaskiyarta ita ce siffar 1993 ta zama hajar sayarwa, tana jikin riguna da kayan wasan yara, har ƙungiyar ƙwallon kwando ta Toronto Raptors daga wannan zazzaɓin ta samo suna. Ba a son a taɓa abun da ke kawo kuɗi, mu kuma ba ma son a taɓa abun da muka sani muna yara, sai buƙatun biyu suka haɗu. Sai a 2022 aka ɗan saka masu gashi a gefe. Hujjar da ake kawowa wai dabba mai gashin tsuntsu ba ta da ban tsoro, wanda duk ya taɓa ganin shaho ya sauko kan ɗan tsako, ko jimina ta fusata ta yo kansa, ya san wannan magana ba ta da tushe. A shekarar 2022 ɗin dai shirin Prehistoric Planet ya nuna Velociraptor da cikakken gashinsa yana farauta a bakin dutse, kuma ya yi kyau ya ba da tsoro, mai ba da labarin ma David Attenborough ne, ƙanen wanda ya fito a Hammond. Wanda yake son Jurassic Park don abun da ya yi a zamaninsa, kamata ya yi ya fi kowa matsawa a nuna dainoson da ilimi ya sani yanzu.

Kuma mu nan muna da haƙƙin cewa wani abu, don wani babban yanki na sabon ilimin daga ƙasarmu aka tono shi. A shekarar da fim ɗin ya fito, 1993, Paul Sereno na Jami'ar Shikago yana jihar Agadas da tawagarsa, wajen Ingal, inda suka haƙo Afrovenator mai cin nama. Kafin shi Bafaranshe Philippe Taquet ya yi aiki a Gadoufaoua cikin Tenere tun shekarun 1960, ya fito da Ouranosaurus mai tozo a baya wanda aka raɗa wa suna a 1976. Daga baya aka raɗa wa Suchomimus mai dogon baki irin na kada suna a 1998, sai Jobaria da Nigersaurus a 1999, shi Nigersaurus bakinsa faffaɗa ne da haƙora sama da 500 yana kiwo kansa a ƙasa, Jobaria kuma daga wata halitta ta tatsuniyar Buzaye aka samo sunansa. Ga Sarcosuchus, kadan da ya kusa tsawon babbar mota. A ɓangaren Najeriya ma akwai Goronyosaurus, ba dainoso ba ne, dabbar ruwa ce dangin Mosasaurus ɗin da ke tsalle ya cafke kifi a Jurassic World, sunan Goronyo ta Sakkwato yake ɗauke da shi tun zamanin da teku ya ratsa yankin. A duk jerin finafinan nan rabon Nijar bai wuce ambaton Suchomimus a baki a fim na uku na 2001 da ɗan abun da bai kai ya kawo ba, shi ma Spinosaurus ɗin Masar da ya kashe T. rex a wannan fim ɗin, binciken Nizar Ibrahim na 2014 da 2020 a Maroko ya sake masa kama gaba ɗaya, gajerun ƙafafun baya da wutsiya mai faɗi ta iyo. Yaro a Zinder ko Katsina ya haddace sunan Velociraptor na Mongoliya da T. rex na Amurka, bai taɓa jin Nigersaurus ba, alhali gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai yana da rumfar ƙasusuwan irin waɗannan dabbobin, kuɗin mota ne kawai tsakaninsa da su. In masu fim na neman abun da zai sa mutane su sake buɗe baki yadda suka yi a 1993, ga Sahara nan lokacin tana koguna da dazuzzuka, da kada mai cin dainoso a bakin ruwa, ba wanda ya taɓa zuba mata irin kuɗi da gwanintar da aka zuba wa tsibirin Hammond.